Wasan waƙa kai tsaye a talabijin lokacin Kirsimeti: so ake yi ko kuskure ake jira?

Baban Zara: Jama'a ni fa maganata ɗaya ce, wasannin waƙa na dandamali da tashoshin Amurka suka riƙa sakawa kai tsaye in Disamba ta kama, ba don so aka riƙa kallonsu ba. Jira ake wani ya yi tuntuɓe ko muryarsa ta sarƙe a ruga Twitter. Ku duba The Sound of Music Live da NBC ta yi a 2013, mutum sama da miliyan 18 suka kalla amma me aka kwana ana yi? Caccakar Carrie Underwood, mawaƙiyar da ta ja wasan, wai waƙa kam ta iya amma aktin babu.

Maman Khalil: Haba Baban Zara, miliyan 18 duk 'yan zagi ne? A nan Amurka nake zaune, irin daren nan gida guda ake taruwa har da kakanni da jikoki, kuma wanda ya ji daɗi ba ya zuwa ya rubuta komai, kashe talabijin yake ya kwanta. Masu surutu kawai kake gani sai ka ɗauka su ne kowa.

Baban Zara: To in so ne me ya sa da shekara ta zagayo Peter Pan Live ya faɗo wajen miliyan 9? Rabi fa hajiya.

Ɗan Damagaram: Yaya ai wannan hujjar kai take kayarwa. Peter Pan tun kafin a saka shi mutane suka wasa wuƙa, Christopher Walken, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya sha tsiya a daren, in zagi ne ke tara jama'a ai da ya fi na farko cika. Sannan a 2015 aka yi The Wiz Live, baƙaƙen fata ne suka yi shi, su Queen Latifah da Mary J. Blige da wata sabuwar yarinya Shanice Williams, yabo aka yi ta yi a daren kuma 'yan kallo suka haura miliyan 11. Wanda aka yaba ya tashi wanda aka zaga ya faɗi, to ina maganarka ta shiga?

Malama Uwani: Ni abin da ke damuna daban ne kuma ba wanda ya taɓo shi. Na farko-farkon nan babu 'yan kallo a ɗakin, mutum ya gama rera waƙa da dukkan ƙarfinsa jijiyar wuya a tashe sai ka ji tsit, ba tafi ba shewa, sai talla ta faɗo. Wallahi har tausayinsu nake ji. Wasan dandamali an gina shi ne da wurin tafi da wurin dariya, ɗan wasa yana ɗan dakatawa don su, in ka cire mutanen sai dakatawar ta zama kamar ya manta layinsa ne, mu kuma na gida mu ce bai iya ba. Da Fox ta yi Grease Live a Janairun 2016 ta zuba mutane a wurin, ku tuna yadda aka karɓe shi, har ruwan sama ya sauka a Los Anjalas ranar ba a fasa ba.

Maman Khalil: Gaskiya ne malama. Amma akwai kuma maganar tsohon fim. A Christmas Story Live na 2017 awa uku cur, ko miliyan 5 bai samu ba, kuma yawancin masu ƙorafin fim ɗin 1983 suke karewa, fim ɗin da ake maimaita shi awa 24 a talabijin duk Kirsimeti, sun haddace shi tun suna yara, ka ƙara masa waƙoƙi dole ransu ya sosu. Wannan ai kishin abin da suke so ne.

Baban Zara: Na ji na The Wiz, na ba ku shi. To Rent fa a 2019? Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya karye a ƙafa wajen gwaji ana gobe za a saka, Fox ta ɗauko faifan gwajin ta saka kusan duka, mutane suka yi ca. Me ya ɓata musu rai in ba an hana su ganin abin da ka iya faruwa ba?

Ɗan Damagaram: Alkawari aka saɓa musu yaya, an ce kai tsaye aka ba su naɗaɗɗe. Ni ma zuciyata na bugawa in mawaƙiya ta zo wajen ɗaga murya sama, amma fatan ta haye nake yi.

Malama Uwani: Haka na ji da ƙaramar yarinyar nan Celina Smith a Annie Live na 2021, ga mutane a ɗakin suna tafa mata.

Baban Zara: Shi ma ɗin miliyan 5 da 'yan kai ya samu malama. Ku faɗa min ina sauran miliyan 13 ɗin suka tafi.

Maman Khalil: Inda 'yan kallon duk sauran shirye-shiryen talabijin suka tafi mana, Netflix da waya. Ka kwatanta 2013 da 2021 tukuna.