Leza tana goge tabon melasma kuwa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun cikina na biyu wani duhu ya fito min a kumatu da saman leɓe. Yaron ya shekara uku, tabon yana nan daram. Likita ta ce melasma ne. Kullum da safe sai na tsaya gaban madubi ina ta dannan hoda, kafin azahar gumi ya wanke ta. Yanzu ana ta ba ni shawarar leza, wato na'urar da ke aiki da haske mai ƙarfi, irin wadda ke ɗaye saman fata. Don Allah wadda ta taɓa yi ta gaya min gaskiya.

Mai Haƙuri:
Wa alaikumus salam. Ni na yi, kuma da ido na ga abin da ya biyo baya. Sati biyun farko fuskata ta yi fes, har na daina hoda. Wata biyu bai cika ba duhun ya dawo, ya fi na da baƙi, ya haura har gefen ido. Sai daga baya wata likitar fata ta bayyana min cewa fatarmu mai duhu, da zafi ya taɓa ta, ƙara fitar da launi take yi. Lezar CO2 kuwa, wato mai ɗaye saman fatar, zafi ce tsantsa. 'Yar'uwa, kada ki yi gaggawa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Gaskiya ta faɗa miki. Melasma ba datti ba ne da za a kankare, ƙwayoyin halittar da ke samar da launin fata ne suka yi yawan aiki. Rana, zafi, ciki da ƙwayar tazarar haihuwa duk suna tayar da su. Shi ya sa likitoci ke farawa da man kariya daga rana, mai ƙarfin kariya SPF 50, mai launi wanda ke da sinadarin iron oxide, tunda hasken da ido ke gani ma yana ƙara duhun. Sai man hydroquinone kashi 4 cikin 100 na 'yan watanni kawai, don daɗewa a kansa yana jawo wani baƙin da ya fi wuyar magani. Akwai kuma ƙwayar tranexamic acid, amma ba a ba wadda jininta ya taɓa daskarewa a jijiya. Idan duk an gwada, sannan ake maganar leza mai sauƙin ƙarfi, wadda ake kira Nd:YAG 1064, a fara da ɗan wuri kusa da kunne a ga yadda fatar za ta karɓa.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Ashe ƙwayar tazarar da nake sha tana da hannu. Zan koma wajen likitata da wannan maganar. Man ranar, ko ina cikin gida sai na shafa?