Karo-karon abinci ya fara haɗa mu faɗa

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum. Mu uku muke haya a Yelwa, Bauchi. Duk wata kowa na kawo naira 15,000, mu auno shinkafa da wake a kasuwar Muda Lawal. Ɗayanmu kullum da baƙi. Jiya kuma ya cinye dambun naman da Inna ta aiko min, ya ajiye ƙuli-ƙuli uku, wai musaya. Wallahi raina ya ɓaci. Ya zan yi?

Maman Hanifa: Ɗana, tsarabar gida ba ta shiga karo-karo. Ɗiba musu da hannunka, sauran ka kulle a akwati.

Na Wunti: Mai baƙi ya ƙara mudu biyu. Musaya kuwa sai da yardar mai kaya.

Ɗan Yelwa: Na gode. Bayan isha'i zan zaunar da shi.