Wai a watan Janairu muka fi kusa da rana?

Baban Hadiza, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare ɗiyata na bitar karatun lakkol, ta ce mini a farkon Janairu duniya ta fi kusantar rana. Na ce ta sake dubawa. Lokacin ne fa hazo ke rufe gari, muna kwana cikin bargo! Abin ya tsaya mini a rai, ba na son in ƙaryata yarinya a kan gaskiyarta. Masana, ku warware mini.

Mushen kwalej:
Wa alaikumussalam Malam. Yarinyarka ta yi daidai. Wajen 3 ga Janairu tsakaninmu da rana kilomita miliyan 147 ne, farkon Yuli kuwa miliyan 152. Wannan bambancin bai isa ya kawo ɗari ko zafi ba. Duniya ce a karkace take, digiri 23.4. A Disamba rana tana bin kudu, haskenta ya same mu a kaikaice, ko da tsakar rana inuwarka arewa take faɗuwa. Ƙarshen Afrilu kuwa tsaye take bisa Tawa, inuwa a ƙarƙashin ƙafa, ka kuwa san zafin bazara.

Ɗan Yamai:
Mushe, kada a raina nisan, shi ke sa lokutan shekara huɗu ba su zama tsawo ɗaya ba. Tun 1609 masanin taurari Kefla ya nuna cewa in duniya ta matso kusa da rana sai ta ƙara sauri: kilomita 30.3 a daƙiƙa a Janairu, 29.3 a Yuli. Shi ya sa daga 21 ga Disamba zuwa 20 ga Maris kwana 89 ne, amma daga 21 ga Yuni zuwa 23 ga Satumba kusan 94. A duniyar Mas abin ya fi fitowa fili, don hanyar da take bi ta kewaya rana ta fi tamu miƙewa kamar ƙwai: ɗaya daga lokutan shekararta kwana 194 ne da kwanakinta na can, wani kuwa 142.

Manomin Adar:
Lissafinku na sama ne, yallaɓai. Daminarmu iskar teku ke kawo ta daga kudu maso yamma. A Agusta ma rana na sake tsayawa bisa kanmu, hadari ne ke tare ta.

Baban Hadiza, Tawa:
Allah ya ƙara ilimi. Na ba ta haƙuri da safe. Mun kafa sanda a tsakar gida, kowace Juma'a za ta riƙa auna inuwar har zuwa Afrilu.