Wace mota ce ke kai shekara goma ba ta zama 'yar gareji ba?

Mai Neman Shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina hawan wata ƙaramar mota da na saya ta hannu, kuma a shekaru biyun nan ta fi kwana a gareji fiye da ƙofar gidana. An sauke giyarta sau biyu, ta fara shan baƙin mai har sai da na riƙa yawo da galan a but, sannan makon jiya ta ɗauki zafi a tsakiyar hanya ina ɗauke da yara, tururi na tashi daga ƙarƙashin bonet. A nan na yanke shawarar rabuwa da ita. Abin da nake nema yanzu mota ce ta zirga-zirgar yau da kullum, zuwa aiki da kai yara makaranta da ɗan bulaguro jefi-jefi, wadda zan riƙe aƙalla shekara goma. Kowa na ce mini in sayi Toyota ko Honda in huta. Shin sunan kamfani kaɗai ya isa mutum ya dogara da shi, ko akwai abin da ya fi suna muhimmanci?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Masu ba ka shawarar ba su yi ƙarya ba. Tun 1966 Toyota ke ƙera Corolla, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, ita kuma Civic ta Honda tun 1972 take kan hanya, kuma motar da ta yaɗu haka kayan gyaranta ba sa wuyar samu, duk bakanike ya san cikinta. Amma bayan shekarun da na yi a ƙarƙashin mota, abin da na gani shi ne suna yana ba ka rabin amsa ne kawai, sauran rabin yana hannun wanda ya riƙe motar kafin kai.

Abu biyu ne ke kashe inji: zafi da rashin juye a kan lokaci. Yawancin injinan yanzu samansu na alminiyom ne, kuma idan ya tafasa sau ɗaya mai tsanani yana iya lanƙwashewa, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da mai. Sau da yawa asalin matsalar ba ta wuce tiyo da ya tsufa ko fanka da ta daina juyawa ba, ko kuma ruwa zalla da aka daɗe ana zubawa a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, har tsatsa ta toshe hanyoyinsa. Akwai kuma kuskuren da nake gani kullum, na cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a jefar wai don kada mota ta yi zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma idan ba ya kaiwa nan sai ya sha fetur fiye da kima, ya riƙa cin kansa a hankali.

Saboda haka idan ka je duba mota, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka buɗe murfin zuba mai ka haska ciki. Idan ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, an daɗe ana jinkirta juye; idan ka ga kumfa mai launin madara, akwai alamar ruwa na shiga. Hayaƙi shuɗi daga salansa yana nufin tana ƙona mai. Ka tambayi kuma ko bel ne ko sarƙa ke juya tayimin ɗinta, wato abin da ke daidaita motsin fistin da bawul, domin bel yana da wa'adin da kamfani ya sa masa, kuma a injuna da yawa idan ya tsinke ana tafiya, fistin zai haɗu da bawul, gyaran ya zama na sauke inji.

Uwar Gida Mai Tuƙi:

Ina goyon bayan Baba Bakanike, kuma zan ƙara abin da na koya da kaina. Corolla ɗita ta shiga shekara ta goma sha ɗaya a hannuna, ba a taɓa buɗe injinta ba, amma ba zan ce duk alherin na sunanta ba ne. Ina da ɗan littafi a aljihun gaban mota inda nake rubuta ranar kowane juye da adadin kilomita, da ranar da aka canja batir, takalmin birki da taya. Wannan littafin ya hana a canja mini abin da bai lalace ba, ya kuma hana ni mantuwa.

Malam, idan yawan tafiyarka gajera ce, ka lura da wannan sosai. Motar da ake tayarwa a yi minti goma a kashe ta tana wahala fiye da wadda ke cin doguwar hanya, domin man bai yi zafin da zai kore damshi da fetur ɗin da suka sauka cikinsa ba. Irin wannan motar da watanni ake lissafa mata juye, ko da kilomitan ba su cika ba. Shi ya sa ban cika ruɗuwa da ƙaramin adadi a agogon mota ba. Irv Gordon, malamin makaranta a Amurka, ya sayi Volvo P1800 a 1966 ya yi tafiyar fiye da mil miliyan 3 da ita, wato kusan kilomita miliyan 5, kuma mafi yawanta doguwar tafiya ce a babban titi tare da kulawa a kan kari.

Injiniyan Lantarki:

Da izinin manya, ina da ɗan saɓanin ra'ayi a kan wani abu da ake yawan faɗa a irin wannan zance, wato wai motocin da sun fi na yanzu ƙarko. Tsofaffin da muke gani a hanya su ne waɗanda suka tsira, dubban 'yan uwansu tsatsa ta cinye su tuntuni. Injin da ke fesa mai ta hanyar kwamfuta ya fi na kafireta daɗewa, kuma tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin OBD-II, wanda ake jona na'ura a karanta abin da ke damun mota ba tare da lalube ba. Kada ka sayi mota sai an jona mata wannan na'urar a gabanka.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne sarƙaƙiyar da ba ka da buƙatarta. Ƙaramin inji mai turbo, na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana da ƙarfi da tsimin mai, amma yana aiki cikin zafi da matsi, ba ya yafe mai marar kyau. Giyar CVT, wadda ke amfani da bel na ƙarfe a tsakanin faya-fayai biyu, tana son manta na musamman, kuma zafi da nauyin kaya suna gajarta kwananta. Motar dizal ta zamani tana da matatar toka a salansa da ke buƙatar doguwar tafiya kafin ta ƙone abin da ta tara, don haka ba ta dace da mai gajerun tafiye-tafiye ba. Ga mai son shekara goma cikin kwanciyar hankali, inji mai silinda 4 marar turbo tare da giyar hannu ko otomatik ta gargajiya shi ne zaɓin da ya fi sauƙin riƙo. Motoci masu haɗa fetur da lantarki ma sun nuna ƙarko tun fitowar Toyota Prius a 1997, har masu tasi suka rungume su a birane da yawa, sai dai a tabbatar da lafiyar babban batirin da kuma samun wanda ya iya aikinsa a kusa.

Ka kuma duba lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, ka bincika ko akwai kiran gyara da kamfani ya yi mata. Matsalar jakar iska ta kamfanin Takata ta shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da yawa, har da waɗanda aka fi yabo.

Mai Neman Shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane inda na yi sake, domin tawa ba a taɓa canja mata man giya ba, an ce mini wai na har abada ne. Akwai motoci biyu a gabana, ƙira ɗaya: ta farko ta yi kilomita 190,000 amma mai ita yana da takardun kowane gyara, ta biyu agogonta na nuna 95,000 ba takarda ko ɗaya. Baba Bakanike, wacce za ka fara dubawa?

Tsohon Bakanike:

Mai takardu zan fara dubawa, Malam. Agogo ana iya mayar da shi baya, amma robar fedar birki da ta suɗe, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa, ba sa goyon bayan ƙarya, don haka ka gwada su da adadin da ta biyun ke nunawa. A dukkansu ka sa a ɗaga mota ka shiga ƙarƙashi da tocila, ka nemi tsatsa a ƙashin bodi da alamar walda, ka ɗaga kafet ka sansana ko ta taɓa nutsewa a ruwa. Sannan ka ja sandar man giya idan tana da ita: ja mai haske lafiya ne, baƙi mai warin ƙuna kuwa ka mayar wa mai ita makullinsa. Idan ka sayi ɗaya, a makon farko ka canja baƙin mai da filta, man giya, man birki da ruwan lagireto gaba ɗaya, ka rubuta ranar a littafi kamar yadda Hajiya take yi.