Ƙanina zai dawo daga Ingila, me zan ce ya riƙo mana?

Baban Hanan, Samaru:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina da ke karatu a Ingila zai dawo kafin babbar sallah, ya ce in turo masa abin da muke so amma kar ya yi nauyi, jakarsa kilo 23 ce kuma rabi duk tsarabar Hajiya ce. Na farko kayan wasan 'yata, shekararta biyu da wata uku, duk abin da na sayo mata kwana uku ne ya mutu, na ƙarshe wata mota ce mai batir mai ihu kamar jiniya, ta tsoma ta a bokitin wanki shikenan. Na biyu ni kaina, tsohuwar Corolla ce dani har yanzu sidi take ci kuma kullum ina hanyar Kaduna, ina son albam na kiɗan rok wanda zan saka ya tafi tun daga farko har ƙarshe ba sai ina tsallakewa ba. Uwargida kuma ta ce a haɗa mata da faifan wasannin nan na dandamali da ake ba da labari da waƙa. Wanda ya taɓa saya ya faɗa min gaskiya.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Baban Hanan. Ni dai a matsayina na mai yara huɗu, duk abin da ke cin batir ka cire shi a lissafi. Ka ce ya sayo Duplo, bulullukan wasa ne da ake harhaɗawa na kamfanin LEGO na ƙasar Denmark amma manya-manya ne, ninki biyu na LEGO ɗin da aka sani, an yi su ne don yara daga shekara ɗaya da rabi zuwa biyar, ba za ta iya haɗiyewa ba. Nawa a gwanjo na tsinta a kasuwar Sabon Gari cikin wata leda, na jiƙa a ruwan omo na shanya, tun Khalifa na rarrafe yanzu ƙanwarsa ta uku ke wasa da su, an taka an tauna an jefa a kwata, ko ɗaya bai fashe ba. Aibinsu ɗaya, ka taka da daddare ba takalmi za ka yi salati da ƙarfi.

Kuma dan Allah ya duba bayan kwali, in ya ga zanen fuskar jariri da 0-3 an soke da jan layi to ba na Hanan ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan batir ɗin nan mai kamar kwabo, irin na agogo. Yaron maƙwabciyata ya ɓalle murfin wata wayar wasa muka nemi batir muka rasa, wlh ranar a guje muka tafi asibiti sai da aka yi hoto aka ga babu komai, ashe yana ƙarƙashin kujera. Likitan ya ce da ya haɗiya ya maƙale a maƙogwaro cikin 'yan awoyi yake ƙona wurin. In dole sai mai batir, a tabbatar murfin da noti aka ɗaure shi.

Tsohon ɗan Kongo:
Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. In albam kake so na zama guda, The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd, 1973, minti 43 ne kusan, waƙoƙin a haɗe suke wata na shiga wata, in ka saka a Kwangila kuma hanya ta yi kyau sai ka wuce Jaji kafin ya ƙare. Amma in kana jin barci kar ka soma, sanyi gare shi, akwai ma inda agoguna ke kaɗawa gaba ɗaya sai ka zabura. Na ƙungiyar Queen kuma, A Night at the Opera na 1975, ni a ganina an fi yabonsa fiye da kima, waƙa uku huɗu ne masu zafi sauran tsallake su nake, duk da mawaƙin nasu muryarsa ba wasa, a Zanzibar ma aka haife shi.

Amma tsakani da Allah me ya kai ka nesa? Ga Buzaye nan maƙwabtanmu. Ka nemi Afrique Victime na Mdou Moctar, 2021, ɗan Nijar ne, bahago ne, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ko Nomad na Bombino ɗan Agadas, 2013. Da Tamashek, yaren Buzaye, suke waƙa ba ka jin ko kalma amma kiɗan kamar ka san shi tun kana yaro. Abin haushi sidin nasu ya fi sauƙin samu a Landan a kan Zariya, nan sai dai a tura maka a memori.

Ummi, 'yar aji uku:
Baban Hanan game da na Anti, ni wasan kwaikwayo nake karanta kuma zan faɗa maka matsalar faifan irin wannan, waƙoƙin kawai ake ɗauka a situdiyo, maganganun da ke tsakani babu, to in ba ta san labarin ba za ta ji kamar an fara mata hira daga tsakiya. Shi ya sa The Lion King ya fi dacewa tunda kowa ya ga katun ɗin, amma ya tabbatar na dandamali ne wanda aka fara a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, 1997 ba na fim ba, shi ne aka ƙara masa amshi da harshen Zulu sosai, aikin Lebo M ɗan Afirka ta Kudu, kuma Hanan ma za ta taka. Akwai Fela! na 2009 wanda har Legas aka kawo shi 2011, kiɗan ya yi, sai dai duk wanda ya saba da Fela na asali zai ji an gutsure waƙoƙin, shi da waƙa ɗaya ke cin gefen faifai sukutum.

Na Ƙofar Doka:
Hhhh ku dai 'yan boko da neman wahala. Mu motan kara muka yi da gwangwanin madara da marfin lemo kuma ga mu mun girma lafiya lau. Ka ba yarinyan nan murfin tukunya da ludayi ka ga rok na gaske, kyauta. Kilon da ya rage a cika shi da cakulan.

Baban Hanan, Samaru:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na tura masa Duplo da na Mdou Moctar da Lion King na dandamali, Pink Floyd na ce in ya samu na hannu mai araha. Maman Khalifa jiya da na koma gida na bi duk kayan wasanta ɗaya bayan ɗaya, biyu na samu da batir ɗin kwabo kuma murfin ɗaya da salatif aka manne shi, na kwashe. Na Ƙofar Doka kai kuma ludayin ai tuni ta gano shi, tun asuba take farawa, mai gidan da muke haya har ya yi magana.