'Yata na son shiga kulob ɗin 'yan zuga na makarantarsu a Amurka, ina neman shawara

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ku taimaka min da shawara. Muna Kolombus ta jihar Ohayo, ba mu jima da zuwa ba, 'yata ta shiga aji 9 a sakandaren gwamnati ta unguwarmu. To jiya ta dawo min da fom wai in sa hannu za ta shiga wani abu da suke kira sifirit kulob, ta ce su ne masu zuga 'yan wasan makaranta ranar da ake buga wasa. Ni dai abin da ya faɗo min a rai shi ne 'yan matan nan da nake gani a talabijin da guntun siket ana cilla su sama, gabana ya faɗi wlh. Ita kuma ta rantse ba shi ba ne, har da kukanta, wai tun da aka buɗe makaranta ita kaɗai take zama wajen cin abincin rana ba ta da ƙawa ko ɗaya kuma wata yarinya ce ta gayyace ta. Babanta ya ce in bincika tukun. Menene ainihin abin? Kuma tana maganar tana son shiga gudu ma, za su bar ta da hijabinta?

Bakatsinen Texas:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yarinyar ta fi ki gaskiya a nan, abu biyu ne daban. Masu guntun siket ɗin su ake kira ciyalida, su sai an yi musu gwaji an zaɓa, suna da koci da atisaye kusan kullum kuma kayansu da tsada. Shi wannan kulob ɗin kowa na iya shiga maza da mata, aikinsu zana fosta su manna a barandar makaranta, su ƙawata akwatin ajiyar littattafan 'yan wasa, su shirya gangamin da ake yi a zauren wasanni ranar Juma'a kafin a tashi, da daddare kuma su cika ɓangaren ɗalibai a filin wasa sanye da launin makaranta suna ihu suna waƙa. Yawanci riga mai tambarin makaranta ce kawai kayan nasu, ta ɗora a kan doguwar riga ba wanda zai ce mata uffan. In kin tuna intahaus a gida yadda 'yan jan gida da 'yan koren gida ke tsayawa bakin fili suna kirari, to kusan haka ne, sai dai a nan duk sati ake yi kuma da wata makarantar ake karawa.

Sai kin fahimci yadda mutanen nan suka ɗauki wasan makaranta sannan za ki gane dalilin kukanta. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba daren Juma'a na ƙwallon zari-rugarsu ne, iyaye da kakanni da 'yan badujalar makaranta duk suna fili. A nan Texas akwai garin Allen kusa da Dallas, filin wasan sakandarensu da aka buɗe a 2012 yana cin mutum 18,000, dala miliyan 60 aka kashe masa. Sakandare fa nake faɗa miki! To yaron da ba ya cikin komai, ba wasa ba badujala ba kulob, gsky a gefe yake ƙare shekara huɗun nan.

Abban Sadiq:
Ni kam ban goyi baya ba, ku yi haƙuri. Na yarda ba ciyalida ba ne amma ƙofa ce. Wasan nan ƙarfe 7 na yamma ake farawa ba a tashi sai wajen 10, magariba ta wuce isha ta shiga yarinya tana tsakiyar samari ana ihu, in wasan waje ne kuma a bas za a kwashe su zuwa wani gari. Kuma su 'yan kulob ɗin nan a makarantu da yawa su ne ke shirya makon homkomin, wato bikin shekara na tarbar tsofaffin ɗalibai, wanda ƙarshensa rawa ce ta dare saurayi da budurwa. Yau fosta ce gobe za ta ce miki ai ita ta yi kwalliyar zauren ya za a yi a ce ba ta je ba. Karatu muka kawo su. Masu cewa wasa na kawo sikolashif su duba da kyau, ita kanta NCAA da ke kula da wasannin jami'o'i cewa take kusan kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke samu. In ƙawaye take nema akwai masallatai a Kolombus da ke da shirin matasa, a kai ta can.

Anti Bilki:
Yaya Abban Sadiq maganarka ta sallah da ta rawar dare gaskiya ce ban musa ba, amma yarinyar da ke cin abinci ita kaɗai daga Litinin zuwa Juma'a shirin masallaci na ranar Lahadi ba zai share mata wannan hawayen ba. Nawa biyu sun gama sakandare a nan kuma abin da na lura yaran namu da aka hana komai su ne ke koyon ɓoye-ɓoye, ta fita da hijabi ta cusa shi a jaka.

Maman Hanifa kan maganar gudu ki kwantar da hankalinki, ke ma kin yi dace da jiha. A 2019 a nan Ohayo aka soke sakamakon wata ɗaliba Noor Abukaram bayan ta gama gudun dogon zango, wai kocinta bai nemo takardar izinin sa hijabi ba. Yarinyar ba ta yi shiru ba ta bi abin har majalisar jiha, a 2022 gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta hana makaranta ko hukumar wasa takura ɗalibi saboda suturar addini. Can Massachusetts ma Bilqis Abdul-Qaadir da hijabinta ta buga ƙwallon kwando a sakandare ta ci maki sama da 3,000, ta kafa tarihin jihar gaba ɗaya. Kuma tun 1972 akwai dokar tarayya da ake kira Title IX, ita ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata dama a wasa kamar maza. Haƙƙinta ne ba alfarma ba. Ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu ƙarƙashin kayan makarantar, akwai hijabin wasa mara zafi ana sayarwa.

Shawarata kar ki sa hannu daga gida. Ki je da kanki ki nemi malamar da ke kula da kulob ɗin, kowane kulob yana da malami mai kula da shi, ki gaya mata sharuɗɗanki a fili: ba rawar dare, ba tafiya wasan waje sai da ke, kuma za ta fita ta yi magariba. Wlh suna girmama uwar da ta zo ta yi magana fiye da yadda muke zato. Ni har ƙungiyar iyaye masu tara wa 'yan wasa kuɗi na shiga, ina tsayawa rumfar sai da abinci ranar wasa, idona na kan 'yata kuma na san iyayen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. A motata take sallah lokacin hutun rabin lokaci in magaribar ba ta ƙure ba, in kuma za ta ƙure mu fita tun kafin nan.

Bakatsinen Texas:
Ƙari kan na Anti, a Dearborn ta Michigan makarantar Fordson da yawancin 'yan wasanta Musulmi ne, azumin 2010 da ya faɗo a Agusta atisayensu gaba ɗaya suka mayar cikin dare. In iyaye sun buɗe baki ana gyarawa. Sannan gudun sai likita ya duba ta ya cike fom kafin a bar ta ta fara, kuma in makinta na karatu ya faɗi za a dakatar da ita, wannan ma wani linzami ne a hannunki. Amma ki tambayi kuɗi tun yanzu don wasu makarantun ana biyan kuɗin shiga kowane wasa.

Abban Sadiq:
In uwar za ta riƙa zuwa da kanta to da sauƙi. Amma a faɗi gaskiya iyaye nawa ne a cikinmu ke da daren Juma'a, mafi yawa muna wajen aiki.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, har da kai Abban Sadiq don babanta ma maganar magaribar ya fara yi. Ni aikin safe nake yi Juma'a da yamma ina gida, zan je in ga malamar ranar Litinin in sha Allah, wasan gida na gaba kuma tare za mu je in gani da idona kafin in sa hannu. Anti Bilki don Allah hijabin wasan nan a ina kika sayo wa naki, kuma dole ne ya zama launin makarantar ko baƙi ma ya yi?