Sufurin Kano da batun sabon shugabanci: abin da jama'a suka ce

Na bi mahawarar da jama'a suka yi kan matsalar sufuri a Kano da ko sabon shugabanci ne mafita tun daga farkonta, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda Kano ba ta da tsayayyen tsarin sufuri. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu ce ke ɗauke da gari. Wata ta ce daga Hotoro zuwa Kabuga sai ta yi hawa biyu, ga jira cikin rana da goyo a baya.

2. Gadoji: nan aka rabu. Wasu sun ce gadar Ƙofar Nasarawa da ta Dangi sun rage cunkoso. Wasu suka ce gaba kawai aka tura shi, marar mota bai gani a ƙasa ba. Ni ma nan na karkata.

3. Manyan bas masu layi da lokaci: babu mai ja, amma a fara tanadar wa 'yan adaidaita abin yi.

4. Mafi yawa na son sababbin fuskoki a 2027, don kowace gwamnati watsi take da aikin wadda ta gada. Kaɗan suka ce canjin mutum bai isa ba, a yi dokar da za ta ɗaure kowane gwamna ga tsari ɗaya.